Taurarin Ƙauyenmu: Mu Ɗauki Hotonsu, Mu Adana Sanin Dattawa

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin samarinmu suna aiki a Kano, a masana'antun Bompai, da Sharada, da Challawa. Ko da yake masaƙu da dama sun rufe, majemu da kamfanonin roba suna ɗaukar ma'aikata. In ka tambayi wanda ke aikin dare a can taurari nawa yake gani, zai ce kaɗan ne. Hasken fitilun gadi yakan bugi hayaƙi da ƙurar da ke cikin iska, sai sama ta yi fari-fari, ƙananan taurari su ɓace. Wani bincike na duniya duka a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutane ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama.

Mu a ƙauye muna ganinta, amma masu sanin sunayen taurari suna ƙarewa. Wannan asara ce, gama tun a Farawa 1:14 an nuna mana cewa Allah ya sa haskokin sama domin sanin lokatai.

Ga misali, Kaza da 'ya'yanta. A ƙasar Kano takan fito daga gabas da almuru wajen Nuwamba, lokacin kaka. Kowane dare taurari sukan riga jiya fitowa da kamar minti 4, wato awa 2 a wata. Saboda haka a ƙarshen Afrilu Kaza tana faɗuwa yamma da magariba, a Mayu ta ɓuya bayan rana, sai a Yuni ta sāke bayyana da asuba. Daidai lokacin ke nan da damina takan zauna. Dattijon da ya san wannan ba ya gaggawar zuba irinsa duka a ruwan farko, wanda sau da yawa fari yakan biyo bayansa.

Wayar hannu mai tsarin hoton dare ta isa a kama waɗannan taurari. In samari sun zo gida hutu, ga yadda za a yi:

1. A zaɓi daren da babu wata. Watan Oktoba ya fi kyau, ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba.
2. A fita bayan gari, nesa da fitila da wuta. A jira minti 20 ido ya saba da duhu. A sa takalmi saboda maciji da kunama.
3. A jingina wayar a kan turmi ko dutse. Hannu yana rawa.
4. A bar ta ta sha haske daƙiƙa 10 zuwa 15. In ya daɗe ƙwarai taurari za su zama zane, domin duniya tana juyawa.
5. A sa kuka, ko rumbu, ko rufin majami'a cikin hoton, don a gane gabas da yamma.

Sa'an nan a kai wa dattawa hoton, maza da mata, su faɗi sunan kowane tauraro da aikin gona na lokacinsa. Magatakardan ƙungiya ya rubuta a littafi, da ranar wata, da ranar da ruwa ya sauka.

Tauraro ba ya kawo ruwa, ba kuwa abin duba ba ne. Kalanda ce kawai da Mahalicci ya rataya mana. Mu haɗa ta da hasashen damina da hukumar NiMet ke bayarwa kowace shekara, da shawarar malamin gona. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.