Daga Dogo Tebo Zuwa Bakin Ruwan Ikko

Mutumin da ya tashi a unguwar Dogo Tebo ta garin Fataskum, abin da ya sani game da ruwa shi ne nemansa ake yi. A ja shi a rijiya, a bi layi a famfo, idan kuma damina ta yi jinkiri a fita bayan gari a roƙe shi. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai garin da ruwa ne ke bin mutum har cikin ɗaki ya ɗaga masa tabarma. Sai ran da mota ta sauke shi a Ijora ko Ajegunle, hadarin watan Yuni ya haɗo, sa'an nan ya gani da idonsa.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa mutumin Fataskum da bakin teku? Abu biyu ne, shanu da manyan motoci. Kasuwar shanun Fataskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, garin kuwa ya yi suna wajen masu tirela da direbobinsu. Mota ta yi lodin shanu ta biyo ta Kano ko ta Bauci, ta ƙetare Kwara a Jaba, ta wuce Ilori da Badun, ta sauke a Oko-Oba ta Agege bayan tafiyar da ta haura kilomita dubu. Ba kuwa mai motar da zai yarda ta koma Arewa fayau, saboda haka sai a gangara Apapa, ko tashar Tin Can wadda aka buɗe a 1977, a jira lodi. Wannan jira shi ne mafarin zaman. An yi shekaru mota na kwana goma ko fiye a kan layi ɗaya, har dai Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta shigo da tsarin nan na Eto a 2021, wanda sai an kira mota ta waya kafin ta shiga. Inda direba ya daɗe kuwa, nan yaron mota zai nemi wurin kwana, nan mai faci da bakanike za su kafa rumfa, mai shayi ya ajiye teburinsa. Da fitina ta yi tsanani a Jihar Yobe, musamman bayan harin da aka kai kasuwar shanun a watan Mayun 2012, samari da yawa suka biyo sawun yayyensu, wasu suka kama acaba, wasu dako, wasu tura ruwa.

To, talaka ba ya iya kama ɗaki a cikin Apapa, unguwar da aka shata wa Turawa da manyan ma'aikata. Sai ya ƙetare kanal ɗin da ya raba ta da Ajegunle. Yarbawa sun ce ma'anar sunan nan ita ce wurin da arziki ya sauka. Ko ya sauka ko bai sauka ba, mutane dai sun sauka. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Ajeromi-Ifelodun, wadda Ajegunle ke cikinta, tana da mutum fiye da dubu 680 a fili mai kimanin murabba'in kilomita 12. Ƙaramar Hukumar Fataskum kuwa, a ƙidayar nan guda, mutum dubu 205 da 'yan kai ne a fili mai murabba'in kilomita fiye da 550. Watau ka ɗauki mutanen Fataskum duka, da na ƙauyukanta, ka ninka su uku, ka zuba su a wurin da mai keke zai ratsa kafin shayinsa ya huce.

Gidan haya a irin waɗannan unguwanni ba ya da zaure, ba ya da tsakar gida. Dogon lungu ne guda, ɗakuna a jere dama da hagu ƙofa na kallon ƙofa, shi ya sa 'yan Ikko ke ce masa fes-mi-a-fes-yu. A can ƙurya akwai madafa ɗaya da makewayi ɗaya na mutum arba'in ko hamsin. Wanda ya saba matarsa na cikin gida ba mai ganinta, a nan risho ɗinta na gogar na matar maƙwabci. Dalili ke nan da yawancin mutanenmu ke barin iyali a gida, su haɗa kuɗi mutum biyar ko shida su kama ɗaki guda, mai gadin dare ya kwanta da rana, mai acaba ya kwanta da dare, katifa ba ta taɓa hucewa.

Wannan ma na masu hali ne. Idan ka ƙara gangarawa wajen ruwa, sai bulo ya ƙare, katako ya karɓa. Ɗakuna a kan turaku, hanya kuwa falanki ne aka jera bisa taɓo, wani wurin ma sai ka biya kafin ka taka, don wani ne ya kafa gadar da kuɗinsa.

Babban abin mamaki ga baƙo shi ne ruwa ya kewaye ka ta ko'ina, amma ba na sha. Ka haƙa kamu biyu ka tarar da ruwa, sai dai ja ne, ga gishiri, ga wari. Don haka mai kura da jarkokinsa ya zama sarki, har kalmar mai ruwa ta shiga bakin Yarbawa da Ibo. Kusancin ruwan nan kuma shi ke hana a haƙa masai mai zurfi. A bakin kanal sai a kafa ɗan ɗaki na kwano a kan turaku, abin da ya faɗa ruwa ya tafi da shi, idan ruwan ya yi tashi kuma ya komo da shi. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin kwalarar da ta ɓarke a Ikko a watan Yunin 2024 ba. Mu da muke alwala sau biyar a yini, ya kamata mu fi kowa tambayar daga ina jarkar nan ta fito.

Ruwan sama da ke sauka a Ikko a shekara ya ninka na Fataskum fiye da sau biyu, ƙasar kuwa ba ta da inda za ta kai shi. Waɗanda suka ga ruwan ranar 10 ga Yulin 2011, wanda ya yini yana zuba, har yanzu suna ba da labarinsa. Mazauna wurin sun san dabarunsu: a ɗora gado a kan bulo, a rataye buhun gari da akwatin tufafi, a kashe wuta da zarar ruwa ya taɓa dokin ƙofa, gama wayar lantarki a cikin ruwa ta fi ruwan kansa saurin kisa. Abin da ba mu koya ba shi ne iyo. Yaron Ilaje ko Egun tun yana rarrafe yake cikin kwalekwale, namu kuwa ƙato da gemu, ruwa iya wuya ya ishe shi. Kuma kanal mayaudari ne, kainuwa kan rufe shi ruf har ka ɗauka fili ne mai ciyawa. Haka ya faru ran 27 ga Janairun 2002, sa'ad da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi bindiga, jama'a suka ruga cikin firgici suka auka kanal ɗin Oke-Afa, ɗaruruwa suka halaka, yawancinsu mata da yara.

Kada a ce na ɓata wurin. Akwai abin da ke riƙe mutum a can. Ɗaki da araha, wurin aiki ga shi a ƙetaren ruwa, ka shiga kwalekwale ka biya 'yan kuɗi kaɗan ka huta da cunkoson mota. Kifi ɗanye da banda sai wanda ka zaɓa. Ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Ijo da Urhobo da Ibo da Bayarabe da Bahaushe duk a lungu guda, kowa ya iya gaisuwar kowa, ga turancin buroka ya haɗa su. Daga filayen ƙwallon Ajegunle aka sami irin su Samson Siasia da Odion Ighalo. Ba a manta da rikicin watan Oktoban 2000 ba, lokacin da aka yi asarar rayuka tsakanin 'yan ƙungiyar OPC da mutanenmu a Ajegunle da kewayenta, amma waɗanda suka tsira da yawa za su gaya maka maƙwabcin da ba ya jin Hausa ne ya ɓoye su a ƙarƙashin gadonsa.

Sai dai duk wannan ba shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar ita ce ƙasar da ake kwana a kanta.

Yawancin filayen nan na bakin ruwa da can fadama ce. Talakawa ne suka cike ta da hannunsu. A sayi shara mota-mota a zuba, a kawo dussar katako daga wurin masu yankan katako, a bi da yashi, shekara da shekaru, har taɓo ya zama tudu. Muddin wuri na fadama, ba mai kula da shi. Ran da ya bushe ya yi daraja, ran nan za a ji masu shi sun bayyana da takardu.

Dattawa sun tuna Maroko. Unguwa ce babba a gefen Victoria Island, cike da masu dafa wa manya abinci da direbobinsu da masu yi musu gadi, namu na ciki. A watan Yulin 1990, tsakiyar damina, gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta ba da wa'adin kwana bakwai, katafila ta shiga. An ƙiyasta mutum wajen dubu 300 suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin ya yi ƙasa da yawa, ruwa zai ci mutane. Yau je ka Oniru ka ga benayen da ke tsaye a inda aka ce ba ya zaunuwa.

Labarin Badiya ta Ijora ya fi wannan ban takaici, don da yawa daga cikin mutanen da ke can Gwamnati ce da kanta ta kai su. A 1973 aka tashe su daga ƙauyen Oluwole don a gina Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa a Iganmu, wanda aka yi bikin FESTAC na 1977 a cikinsa. Bayan shekara arba'in, ran 23 ga Fabrairun 2013, aka rushe wani sashe na Badiya ta Gabas, dubban mutane suka kwana a gefen layin dogo. A watan Satumban 2015 aka sake komawa, wannan karo bisa hukuncin kotu da gidan sarautar Ojora ya samu a kan filin. A Makoko, garin masunta da ke kan ruwa wanda ake hangowa daga gadar Third Mainland, awa 72 aka bayar a watan Yulin 2012. Otodo Gbame ta wajen Lekki ta tafi tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, na ƙarshensu a cikin kwalekwale suka kwana a tsakiyar ruwa. Ran 21 ga Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa tashin mutane haka ba tare da shawara da su da sake musu matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci mai kyau, amma bai hana sojojin ruwa tashin mutanen Tarkwa Bay a watan Janairun 2020 ba.

A nan ne nake ganin laifinmu. Mutum ya shekara ashirin a lungu guda, ya aurar da 'ya daga kuɗin da ya samu a nan, amma ka tambaye shi sai ya ce ai shi ci-rani ya zo. Saboda haka ba ya zuwa taron ƙungiyar unguwa, ba ya karɓar rasidi, ɗakin ma da sunan wani ɗan'uwa aka kama wanda ya koma gida tun tuni. Alhali kuwa a Badiya, da yake aikin gyaran unguwar na da kuɗin Bankin Duniya a ciki, an matsa wa Gwamnatin Jiha har ta biya diyya a 2014, kuma ba masu gidaje kaɗai ba, har 'yan haya, kowanne wajen naira dubu 90. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma wanda sunansa ya shiga lissafi shi ya karɓa. Mutum shida a ɗaki ba takarda, wa zai shaide su?

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida ya ba da rasidi, ta hana shi karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi. An cire Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar Turawa ta Ikeja daga cikinta, amma Ajegunle na ciki. Duk da haka na sha ganin ɗan'uwa ya zube kuɗin shekara biyu a hannun wanda bai ma tabbata shi ne mai gidan ba, a kan ɗakin katako da ke jingine da kanal, inda Gwamnati ta daɗe tana cewa ba a yarda a yi gini ba. Mafi muni shi ne wanda samarin nan da ake kira omo-onile suka sayar wa taɓo, ya kwashe ribar shanun shekara uku yana cikewa. Da kuɗin nan a Dogo Tebo ya zuba su, da yanzu ɗaki biyu da zaure na tsaye, ga takardar mai unguwa a aljihu.

Sarakunan Hausawa na unguwannin nan da limamanmu da shugabannin direbobi suna da aiki a nan, ba kuwa mai wuya ba ne. Littafi guda a masallaci, a rubuta sunan kowa da lungunsa da lambar ɗakinsa da shekarar da ya shiga da lambar wayarsa. A tura mutum biyu masu jin turanci da Yarbanci su riƙa zama a taron ƙungiyar unguwa, su biya kuɗin wata kamar kowa, don idan takardar wa'adi ta zo can take fara sauka, ba masallaci ba. Wanda kuma zai tafi gida Sallah, ya ɗauki hoton rasidinsa a waya, ya bar wa maƙwabcinsa Ilaje lambar da za a same shi a Fataskum.