Hermann Maier: Birkilan da Ya Zama Gwanin Tseren Ƙanƙara

Kafin a shiga labarin wannan mutum, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai, domin ba wasan ƙasar zafi ba ne. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu da hunturu, irin su Ostiriya da Italiya, ɗan wasa kan ɗaura wasu dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, sannan ya sulalo daga kan dutse zuwa gindinsa, yana ratsawa ta tsakanin tutocin da aka kakkafa. Ba a sakin 'yan tseren gaba ɗaya kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya suke saukowa, agogo kuwa shi ne alƙali, har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa yakan raba na ɗaya da na biyu. A gasar Kofin Duniya, wadda ake yi duk hunturu, wanda ya ci tsere yana samun maki 100, na biyu 80, na uku 60, a ƙarshen kaka kuma a tara makin a fitar da zakara.

An haifi Hermann Maier a shekarar 1972 a jihar Salzburg ta Ostiriya, ya kuma tashi a garin Flachau, inda mahaifinsa yake da makarantar koyar da wannan wasa. Yana ɗan shekara 15 makarantar horar da 'yan wasa da ke Schladming ta sallame shi, wai ba shi da jikin abin. Sai ya koma gida ya kama aikin birkila, hunturu ya yi kuma ya koyar da baƙi zamiya. Ƙila ɗaukar bulo da siminti ne ya ba shi ƙirar da aka ce ya rasa.

Ranar 6 ga Janairun 1996 aka kawo tseren Kofin Duniya garinsu. Maier ba ya cikin masu gasar, an dai sa shi cikin masu share fage, wato waɗanda kan fara sauka don a gwada hanya. Lokacinsu ba ya shiga lissafi, amma agogo ba ya daina aiki. Da aka duba, sai ga birkila ya yi lokacin da zai sa shi na 12 cikin gwanayen duniya. A nan ne, a ganina, daɗin wannan wasa yake: masu horarwa sun yanke hukunci da ido, agogo ya warware. Wata guda bayan haka ya shiga gasar yana da shekara 23, alhali sa'o'insa sun daɗe a ciki. A Fabrairun 1997 ya ci tserensa na farko a Jamus.

Abin da ya sa duniya ta san shi kuwa faɗuwa ce. A gasar Olamfik ta 1998 a Nagano ta ƙasar Japan, a tseren gangara, wanda shi ne mafi gudu, ya kwace a wata kwana, ya tashi sama, ya faɗo ta ka, ya yi ta wuntsilawa har ya keta ragar kariya biyu. Sai ya miƙe da ƙafarsa. Bayan kwana uku ya ci lambar zinare, bayan wasu ukun ya ƙara wata. Ya zama zakaran Kofin Duniya a 1998 da 2000 da 2001. A 2000 ya tara maki 2,000 cif, adadin da babu namijin da ya wuce sai a 2023, lokacin da Marco Odermatt ɗan Suwizalan ya samu 2,042.

A watan Agustan 2001 yana kan babur ya yi karo da mota, ƙafarsa ta dama ta ragargaje, saura ƙiris a yanke ta. Olamfik ta 2002 ta wuce ba shi. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan, ko tafiya daidai ya samu ya gode Allah. Ya dawo a Janairun 2003, cikin mako biyu kuma ya ci tsere a Kitzbühel, dutsen da 'yan wasa suka fi shakka. A 2004 ya sake zama zakara karo na huɗu, a Olamfik ta 2006 a Italiya ya samu azurfa da tagulla.

Ya yi murabus a Oktoban 2009 yana da shekara 36, bayan ya ci tsere 54 a Kofin Duniya. Hanyar da ake tseren duniya a kanta a Flachau, sunansa aka sa mata.