Wa Ya Fi Kowa Tasiri a Tarihi? Gardamar Majalisun Zangon Wagadugu

A majalisun shayi na Hausawan Wagadugu akwai tambayar da ke iya cinye dare guda: wai shin wa ya fi kowa tasiri a tarihin duniya? Da an jefo ta, dattijon wurin zai ce, "Yaro, wannan ai ba abin gardama ba ne. Fiyayyen halitta ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Har Bature ma ya rubuta haka." Sai wani saurayi ya gyara zama ya ce, "Baba, babu mai musu a nan. To, bayansa fa?" Daga nan sai sunaye su yi ta tashi. Wannan ya ce Shehu Usmanu, wancan ya ce Sankara, ɗan lakwal ya kawo Niyuton, wani kuma ya ce ai wanda ya ƙirƙiro wayar salula ya gama da kowa.

Baturen da ake yawan kafa hujja da shi sunansa Michael Hart, Ba'amurke masanin taurari. A 1978 ya fitar da littafin da ya jera mutum 100 da yake ganin sun fi kowa sauya tafiyar duniya, ya sake gyara shi a 1992. Ya sa Annabi Muhammadu a farko, Niyuton na biyu, Annabi Isa na uku. Dalilinsa shi ne Annabi ya yi nasara ta fuska biyu, addini da shugabancin al'umma, alhali a ganinsa yaɗuwar Kiristanci aikin Annabi Isa ne da Bulus tare. Shaihin wa'azin nan na Afirka ta Kudu, Ahmad Deedat, ya taimaka ƙwarai wajen kai labarin littafin kunnen Musulmi, har ya zama abin ambato a wuraren wa'azi.

Sai dai yawancin masu ambatonsa ba su buɗe shi ba. Da sun buɗe, da sun ga cewa Hart ya ɗauki Alƙur'ani a matsayin wallafar Annabi, maganar da babu Musulmin da zai yarda da ita. Da sun ga Hitila da Stalin da Jengis Khan zaune cikin jerin, domin marubucin ya faɗa tun farko cewa ba nagarta yake aunawa ba. Da kuma sun lura cewa a cikin mutum ɗarin nan babu ko ɗaya daga Afirka ta kudu da Sahara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Darajar Annabi a wurin Musulmi ba ta jiran takardar shaida daga Amurka, kuma ni a ganina akwai ɗan rauni a yadda muke murna duk lokacin da baƙo ya gaskata abin da muka riga muka yi imani da shi.

Abin da ke hana gardamar nan daidaituwa shi ne tambayoyi uku ake yi da baki ɗaya. Wani yana nufin wa ya fi daraja, wani wa ya fi suna, wani kuma wa ya fi sauya rayuwar mutane. Ta farko ta imani ce, ta biyu ta rediyo da Facebook ce. Ta uku kaɗai ake iya aunawa, kuma ma'auninta ba shi da wuya: ka cire mutumin daga tarihi, sannan ka duba tsakar gidanku ka ga me zai ɓace.

A gwada da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a Maratta a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817, bai taɓa mulkin ƙasar Mosawa ba. Fatake Hausawa kuma sun san hanyar Gwanja tun kafin a haife shi. Amma jihadinsa na 1804 ya haɗe garuruwan Hausa da a da ke yaƙar juna ƙarƙashin tuta ɗaya, ya samar da kasuwa mai faɗin da ba a taɓa gani ba a yankin, kasuwar da ke son goro ƙwarai tunda shi, saɓanin giya, ba a haramta shi ba. A daidai lokacin daular Asante ta ƙara karkata cinikinta arewa, ta Salaga. Sai ayari ya yawaita. Madugai suka riƙa tasowa daga Kano da Jega da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro, wasu hanyoyin suna ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa. Inda ayari ya saba sauka, nan ake samun mai masauki, da mahauci, da wanzami, da malami mai allo. Haka zanguna suka yi ta tsirowa. Ko a taswirar Burkina ta yau akwai sawun Shehu: masarautar Liptako ta Dori ta kafu ne wajen 1810 da tutar jihadi, tana bin Gwandu. Ba a manta ba cewa yaƙe-yaƙen sun zo da kame bayi da watsewar garuruwa, kuma wannan ma tasiri ne. Amma idan Bahaushen Wagadugu ya tambayi kansa me ya kawo kakansa nan, me ya sa ƙannensa mata ke zuwa makarantar allo ba tare da an ga baƙon abu ba, zai yi wuya amsar ta kauce wa Shehu da 'yarsa Nana Asma'u.

Samari kuwa Sankara suke so, kuma suna da hujja. Ya karɓi mulki ran 4 ga Agusta 1983, bayan shekara guda ya sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso. A ƙarshen 1984, cikin mako biyu kacal, aka yi wa yara sama da miliyan 2 rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara. Ya sa ma'aikata sanya saƙin gida, faso dan fani, ya ɗora mata a manyan muƙamai, ya hana auren dole. Shi ne kuma ya kori malaman makaranta sama da 1,000 saboda yajin aiki a 1984, ya rushe unguwar Bilibambili don gina sababbin gidaje. Masoyansa ba su cika son a tuna musu da waɗannan ba. An kashe shi ran 15 ga Oktoba 1987 tare da mutum 12. Shekara huɗu ya yi, amma yau babban titin da a da ake kira Charles de Gaulle sunansa yake ɗauke da shi.

To, ga abin da ba a cika kawowa a majalisa ba. Ƙasar da Sankara ya raɗa wa suna ta taɓa ɓacewa daga taswira. Faransa ta kafa ta a 1919, ta rushe ta a 1932, ta raba ta tsakanin Kodebuwa da Sudan ta Faransa da Nijar. Wagadugu ta koma ƙarƙashin Kodebuwa, Dori da Fada suka koma Nijar. Sarakunan Mosawa ne, musamman Mogho Naba Saaga na Biyu, suka dage da kai kuka har aka maido da ita a 1947. Cire wannan sarki da mutanensa, mai yiwuwa da Sankara hafsan sojan wata ƙasa ne daban. Mai suna yakan tsaya ne a kan ginin wanda ba a cika ambato ba.

Wannan ya fi fitowa fili idan aka zo maganar rai da ciki. Duk wanda ya girma a Sahel ya san fargabar da ke zuwa da zafin bazara. Annobar sanƙarau ta 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, Burkina da Nijar da arewacin Najeriya na cikin waɗanda suka fi shan wuya. A Disamba 2010, a nan Wagadugu, aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda ya haɗa a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. Cikin kwanaki kaɗan aka yi wa mutum sama da miliyan 11 a ƙasar. Nau'in sanƙarau da ya fi kisa a da ya kusa gushewa. A cikin masu gardamar nan akwai waɗanda ba don wannan allura ba da ba su kai shekarun shan shayi ba, amma da wuya ka sami wanda ya san sunan Marc LaForce, likitan da ya jagoranci shirin.

Haka Yakuba Sawadogo, manomin Gourga kusa da Wahiguya, wanda ya rasu a Disamba 2023. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako, ya faɗaɗa su, ya riƙa haƙa su tun da rani yana zuba taki. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan damina ya sami hanyar shiga maimakon ya gudu. Ƙasar da aka yanke wa ƙauna ta ba da gero da dawa, har ta zama daji. A 1989 manoma daga Illela ta jihar Tawa suka zo yankinsa na Yatenga suka gani da idonsu, suka koma gida suka yaɗa abin da Hausawan Nijar ke kira tassa. Rumbuna nawa ne suka cika ta dalilinsa? Sai a 2018 duniya ta ba shi lambar yabo ta Right Livelihood.

Saura wanda ba a son ji. Idan da gaske sauyin rayuwa ake aunawa, dole Blaise Compaoré ya shiga lissafi, shi da kotun soja ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2022, a bayan idonsa, kan kisan Sankara. Shekara 27 ya yi yana mulki. A zamaninsa ne aka ƙaddamar da shirin ZACA na mayar da tsakiyar birni cibiyar kasuwanci da ofisoshi, kuma a 2003 katafila ta shiga tsohon Zango, wanda Mosawa ke kira Zangouettin, da maƙwabtansa irin su Tiedpalogo da Peuloghin. Dubban mutane suka kwashe kayansu, aka ba wasu filaye a gefen Ouaga 2000, wasu a Nioko. Maƙwabtan da kakanninsu suka yi sahu ɗaya a masallaci suka koma sai an hau babur kafin a je wa juna gaisuwar mutuwa, filin da aka share kuma ya yi shekaru yawancinsa fayau. A rayuwar tsohuwar da aka haifa a wannan unguwa, ta yi aure a cikinta, ta aurar da 'ya'yanta a cikinta, sa hannun da aka yi a kan takardar rushewar ya sauya abin da babu ɗaya cikin mutum ɗarin Hart, in ka cire Annabawa, da ya sauya mata.