Kamfanin Disney Da Maganar Jiragen Sama

A ƙasar Amurka akwai wani kamfani da ake kira Disney, wanda sunansa ya game duniya saboda hotunan majigi na zane, musamman na ɓeran nan Mickey Mouse. Ban da majigi, kamfanin yana da manyan filayen nishaɗi waɗanda aka gina su kamar garuruwa, da tituna da gidajen abinci da masaukan baƙi da lilo iri iri, inda iyaye kan kai 'ya'yansu hutu. An buɗe na farko, watau Disneyland, a Kalifoniya ran 17 ga Yuli, 1955. Na biyu, wanda ya fi shi girma nesa, an buɗe shi kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ran 1 ga Oktoba, 1971. Daga baya aka yi wasu a Tokyo (1983), da kusa da Faris (1992), da Hong Kong (2005), da Shanghai (2016).

To, da yake miliyoyin mutane ne suke zuwa waɗannan wurare kowace shekara, da yawansu kuwa ta jirgin sama, sai masu sha'awar kamfanin suka daɗe suna tambaya: me ya hana shi ya kafa jiragen sama na kansa, ya ɗauko baƙinsa tun daga garuruwansu, kuɗin tikiti ya shiga aljihunsa maimakon na wani? Tambayar ba ta wauta ba ce. Mun ga ya kamata mu auna ta a tsanake, domin abin da ke cikinta ya shafi duk mai sana'a wanda kasuwa ta buɗe masa har ya fara hangen sana'ar maƙwabcinsa.

Bari mu fara da hujjar masu cewa a yi. Suna cewa ai kamfanin ya riga ya gwada irin wannan a kan ruwa ya ci riba. Gaskiya ne. Da can wani kamfanin jiragen ruwa ne mai suna Premier yake ɗaukar baƙin Disney yawon teku bisa yarjejeniya. Da yarjejeniyar ta ƙare a 1993, sai Disney ya sa aka ƙera masa nasa. Na farkonsu, Disney Magic, ya fara tafiya a 1998, na biyu ya biyo baya a 1999, har da wani tsibiri a Bahamas da jiragen suke yada zango. Tun daga nan jiragen sai ƙaruwa suke yi. Don haka masu wannan ra'ayi suka ce abin da ya yiwu a ruwa zai yiwu a sama.

A nan ne muke ganin sun yi kuskure, don jirgin ruwan yawo da jirgin sama suna ne kawai ya haɗa su. Wanda ya shiga jirgin ruwan Disney kwana uku, ko huɗu, ko bakwai zai yi a ciki. Can zai kwana, can zai ci abinci, can yaransa za su kalli wasanni. Jirgin shi ne wurin hutun, saboda haka mutum ba ya jin ciwon biyan kuɗi fiye da na sauran kamfanoni. Jirgin sama kuwa hanya ce kurum. Daga New York zuwa Orlando tafiyar wajen awa uku ce, mutum yana ɗaure da ɗamara a kujera, ba abin da yake fata sai a sauka lafiya. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku, wanda zai sayi tikiti biyar, abin da zai fara dubawa shi ne wane ne ya fi araha. In wani kamfani ya rage masa dala hamsin a kowane tikiti, to hoton ɓera a jikin jirgi ba zai tsai da shi ba.

Sa'an nan sai mu duba irin ribar da ke cikin sana'ar. Kafin 1978 gwamnatin Amurka ce take yanke wa kamfanonin jirage hanyoyin da za su bi da kuɗin da za su karɓa. A wannan shekara aka yi doka aka sakar musu mara, kowa ya bi inda ya ga dama, ya sa farashin da ya ga dama. Matafiya sun ji daɗi, amma manyan kamfanoni suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Braniff a 1982, Eastern a farkon 1991, Pan Am a ƙarshen wannan shekarar. Dalili kuwa a fili yake. Kuɗin mai, da albashin matuƙa, da gyara, da bashin sayen jirgi, duk suna nan ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Kujerar da ta tashi ba kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe kamar buhun gero. Ko a shekarar da kasuwa ta yi kyau, abin da ke saura ga kamfanonin jirage a kan kowane fasinja 'yan daloli ne ƙalilan. Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga wannan labari, don mun ga yadda Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya tsaya cik a 2003.

Labarin Eastern ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tun buɗe filin Fulorida, Eastern ne kamfanin jirgin da Disney ya amince da shi a hukumance, har ya ɗauki nauyin wani wasa a cikin filin wanda aka buɗe a 1972 don kwaɗaitar da mutane tafiya ta sama. Da Eastern ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, sai ya janye a 1987, Delta ya maye gurbinsa. Ranar da Eastern ya rushe, ƙofar Disney a buɗe take, yara suna ta wasansu. Abin da Disney ya rasa bai wuce abokin talla ba, shi ma an riga an sami madadinsa. Da a ce jiragen nasa ne, da bashin da hasarar da dubban ma'aikatan da suka rasa abin yi duk a wuyansa za su rataya.

An sha gwada haɗa jirgi da wata sana'a a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Kamfanin United ya mallaki masaukan Westin tun 1970, ya sayi kamfanin hayar motoci na Hertz a 1985, ya ƙara da masaukan Hilton na ƙasashen waje a 1987, ya sake wa kansa suna Allegis. Nufinsa shi ne matafiyi ya hau jirginsa, ya hau motarsa, ya kwana a ɗakinsa. Shekarar ba ta ƙare ba matuƙan jirage da masu hannun jari suka tayar, shugaban kamfanin, Richard Ferris, ya sauka, aka shiga sayar da masaukai da motoci. Haka kuma wani kamfanin gidajen abinci mai suna Hooters ya kafa jirage da sunansa a 2003, ya rufe a 2006 bayan hasarar miliyoyin daloli. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Adalci ne mu faɗi cewa akwai waɗanda abin ya karɓa. A Turai kamfanonin shirya hutu kamar TUI da Jet2 suna da jiragensu, suna kuwa cin riba da su. Amma su mutane suke kwasa daga garuruwa da yawa zuwa bakin teku barkatai a Sifen da Girka da Turkiyya, wasu wuraren ma ba jirgin da ke zuwa kai tsaye in ba nasu ba. Jirgi a wurinsu tilas ne. Ko a can ɗin ma, da bashi ya kayar da Thomas Cook ran 23 ga Satumba, 2019, jiragensa suka tsaya tare da shi, mutanen Ingila wajen 150,000 suna ƙasashen waje, sai da gwamnati ta yi hayar jirage ta kwaso su. Disney kuwa ba ya cikin wannan tilas. Filin jirgin saman Orlando ya ga fasinjoji fiye da miliyan 50 a 1 shekarar 2019 kaɗai, kamfanoni da dama suna ta gasar rage farashi don su kawo masa baƙi har gida, shi kuwa bai kashe ko kwabo a kan mai ba. Da yawa kuma daga cikin baƙin a motocinsu suke zuwa daga jihohin da ke kusa.

Akwai wani abu kuma da masu wannan shawara ba su cika lura da shi ba. A yau kamfanonin jirage abokan cinikin Disney ne. Suna sayar da tikiti haɗe da masauki, wasunsu kamar Alaska Airlines da WestJet da Japan Airlines har sun yi wa jiragensu fenti da hotunan majiginsa. Ranar da ya fito da nasa jirage, ranar suka zama kishiyoyi. A Orlando kuwa ba shi kaɗai ba ne, akwai filayen Universal, waɗanda aka fara buɗewa a 1990, aka ƙara wani babba a 2025. Ba wuya kamfanonin da aka ɓata wa rai su juya tallarsu can.

Babbar dukiyar Disney suna ce, wadda aka fara ginawa tun 1923. Abin da yake sayarwa shi ne alkawarin cewa iyali za su yi farin ciki. A cikin filinsa yana da iko da kome, daga mai shara har mai busa ƙaho. A sama kuwa ba shi da iko da hadari, ko cunkoson filin jirgi, ko jakar da ta ɓace. A yau in jirgi ya yi lattin awa shida, uba da kamfanin jirgi zai yi faɗa, ya iso wurin Disney yana neman inda zai huce. In jirgin na Disney ne, to hutun ya ɓaci tun ba a iso ba, yaro kuwa ba zai manta hoton wanda ke jikin jirgin ba. Ba ma sai mun ambaci abin da haɗari guda zai jawo wa sunan da aka gina a kan yara ba. Sa'an nan a tuna da 2020, lokacin annobar korona: filin Fulorida ya yi wata huɗu a rufe, na Kalifoniya ya haura shekara, kamfanonin jiragen duniya kuma suka yi hasarar fiye da dala biliyan 130. Wanda ya haɗa sana'o'in biyu, gobara biyu zai kashe rana ɗaya.

In muka duba tarihin kamfanin, za mu ga shugabanninsa sun san da haka. Walt Disney kansa ya sayi jirgi ƙirar Gulfstream a 1963, wanda ya riƙa ɗaukar sa da manyan ma'aikatansa lokacin da ake neman fili a Fulorida, jirgin ya yi aiki har 1992, amma ba a taɓa sayar da tikitinsa ba. A 1971 an shimfiɗa wani ɗan filin sauka a cikin harabar Disney ta Fulorida don ƙananan jirage, su ma na wasu kamfanoni ne, ba a daɗe ba aka daina. Motocin da suka riƙa kwaso baƙi kyauta daga filin jirgin Orlando tun 2005 na wani ɗan kwangila ne, aka kuma dakatar da su a ƙarshen 2021. A 2023, da aka shirya wa mutum 75 zagayen dukan filayen Disney na duniya cikin kwana 24, kowane a kan wajen dala 110,000, hayar jirgi aka yi daga Icelandair, aka gama aka mayar wa mai shi.

Don haka ra'ayinmu shi ne bai kamata ba. Abin da ya dace da kamfani irin wannan shi ne ya ci gaba da yarjejeniya da masu jirage, ya yi haya in wata buƙata ta musamman ta taso, kuɗin da zai zuba a sayen jirage kuwa ya gyara filayensa da masaukansa da su. Muddin abin da ke cikin gida yana da daɗin gani, masu jirage da kansu za su yi ta rububin kawo masa baƙi.