Abdullah Ibrahim: Makaɗin Fiyano Da Kiɗansa Ya Zama Muryar Yaƙi Da Wariya

Jaz salon kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Abin da ya bambanta shi shi ne, makaɗi kan ɗauki karin waƙa guda ya riƙa sarrafa shi nan take, kamar yadda mai kalangu ke sauya take gwargwadon wanda ya shigo fili. Cikin 'yan Afirka da suka yi fice a wannan fage, da wuya a tsallake sunan Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu.

An haife shi a birnin Cape Town ranar 9 ga Oktoban 1934, aka raɗa masa suna Adolph Johannes Brand. Kakarsa ce ke kaɗa fiyano a majami'arsu, shi kuma ya fara koyo yana ɗan shekara bakwai. Waƙoƙin ibada da kiɗan marabi na unguwannin baƙar fata su ne tubalin da ya gina salonsa a kai. A wancan lokaci an fi saninsa da laƙabin Dollar Brand.

A 1959 shi da Hugh Masekela da Kippie Moeketsi da wasu suka kafa ƙungiyar Jazz Epistles. Sai dai bayan kisan kiyashin Sharpeville a Maris ɗin 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69, gwamnatin wariya ta ƙara matsa wa tarukan baƙar fata, ƙungiyar ta watse. A 1962 ya bar ƙasar zuwa Turai.

A birnin Zurich ne mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, wadda daga baya ya aura, ta shawo kan fitaccen makaɗin Amurka Duke Ellington ya zo ya saurare shi a 1963. Ellington ya gamsu har ya shirya masa ɗaukar faifai a Faris, daga nan ƙofofi suka buɗe. Ya koma New York a 1965, sannan ya dawo gida ya musulunta a 1968, ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi.

Aikinsa mafi tasiri shi ne "Mannenberg", wanda ya ɗauka a 1974 tare da mai busa Basil Coetzee. Sunan ya samo asali ne daga Manenberg, unguwar da aka tilasta wa iyalan da aka kora daga tsakiyar Cape Town komawa. Kiɗan ya haura minti goma sha uku, kuma kusan babu baiti a cikinsa. Duk da haka, jama'a sun ji kansu a ciki, domin karin na gida ne, irin wanda suka tashi suna ji a coci da kan titi. A shekarun 1980 an riƙa kaɗa shi a gangamin adawa da wariya.

Bayan boren Soweto na 1976 ya sake yin hijira, ya fito fili ya mara wa ANC baya. A 1983 ya kafa ƙungiyar Ekaya, kalmar da ke nufin gida. Ya koma ƙasarsa a 1990, ya kuma yi kiɗa a bikin rantsar da Nelson Mandela a 1994. A 2019 Amurka ta karrama shi da babbar lambar yabonta ta gwanayen jaz.

Tarihinsa na da abin dubawa ga Kudancin Kaduna. A Kafanchan da Kagoro da Fadan Kagoma, majami'u ne makarantar farko ta matasa da dama masu kaɗa fiyanon lantarki, kuma yankin na da kare-karen waƙoƙin Gwong da Bajju da Atyap da Ham. Irin waɗannan kayan gado biyu ne Ibrahim ya haɗa, ya ƙara da shekaru na horo, har duniya ta saurare shi.