Karen Gida Ko Karen Turawa? Faɗakarwa Ga Magidantan Bahindi

Wata magana ta yaɗu a 'yan shekarun nan tsakanin samari da wasu masu hali na ƙasar Bagudo, tun daga Bahindi har Kaoje da Illo, wai karen gida ba ya gadi, aikinsa haushin banza da bin juji, wanda kuwa yake son ɓarawo ya ji shakkar ƙofarsa, sai ya aika birni a sayo masa karen Turawa, ya ɗaure shi da sarƙa, ya bar shi da yunwa domin ya yi zafi. Wannan magana ta ishe ni, domin ba ta da tushe a hankali, ba ta da madogara a shari'a, alhali dukiya tana salwanta a kanta, dabbar da ba ta da bakin kai ƙara tana shan azaba.

Karen gida dai kowa ya san shi: siriri, mai gajeren gashi, wanda kakanninmu suka yi farauta da shi. Wanda ake kira karen Turawa ko karen 'yan sanda kuwa, galibi na Jamus ne, inda aka kafa irinsa a shekarar 1899 domin kiwon tumaki.

To, sai mu dubi mas'alar da idon basira. Karen Jamus yana da kaifin fahimta da biyayya, babu mai musun haka, amma Allah Ya yi masa gashi ruɓi biyu domin sanyin ƙasarsa, wanda duk ya ajiye shi a bakin Kwara cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, tamkar ya lulluɓe mutum da bargo ne a tsakiyar bazara. Kaska tana ɓuya cikin wannan gashi, ta sa masa zazzaɓin da yake shanye jini, wanda karen gida ya fi shi jurewa nesa ba kusa ba. Ga shi irinsa sun yi suna da ciwon ƙugu na gado. Ga cinsa, wanda ƙanzo da ragowar tuwo da kan kifi ba sa riƙe shi. Ƙwarewar da ake gani ga karnukan 'yan sanda kuwa, horo ne na watanni a hannun masana, ba a sayenta tare da ɗan kwikwiyo. Bilhasali, abin da magidanci yake bukata ga mai gadin dare shi ne kunne da hanci da haushin da zai tashi mutanen gida, karen gida kuwa yana da duka ukun, ya kuma san sawun kowa a unguwa. Amma batun ɗauri da yunwa, wannan jahilci ne tsantsa, domin karen da aka azabtar ba ya bambance ɓarawo da almajiri, sau da yawa ma ɗan gida yake fara cizo.

Ta fuskar addini, hadisi ya yi izinin riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin cewa ladan mai riƙonsa ba da irin wannan dalili ba yana raguwa kullum. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna tsaron gida, har an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare a lokacin tsoro bayan katangar gidansa ta faɗi. Ke nan larura ce take halatta shi. Ina larura ga wanda ya zuba kuɗin buhunan shinkafa a kan kare domin a ce wane ya isa? Wannan alfahari ne da almubazzaranci.

Saboda haka, kafin mutum ya zaɓa, ya auna gidansa, daidai ruwa daidai tsaki. Manomin fadama, da masunci mai shanyar kifi, da makiyayi mai ruga, da maharbi, karen gida ne nasu. Mai katanga da fili da inuwa, mai ikon sayen nama da magani, mai lokacin fita da kare safe da yamma, wanda kuma zai iya kai shi Birnin Kebbi ko asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato idan ciwo ya yi tsanani, shi ne zai iya ɗaukar nauyin na Jamus.

Ko wanne aka zaɓa, akwai haƙƙoƙin da suka zama wajibi. A ɗauko shi yana ƙarami daga gidan da aka san uwarsa, kada a saya a hannun baƙon da ba a san inda ya fito da shi ba, musamman a wannan yanki namu da mutane da dabbobi suke ƙetarawa zuwa Benin su dawo ta Tsamiya da Lolo. A yi masa allurar ciwon hauka yana wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. A ware masa kwanonsa da makwancinsa nesa da randa da wurin salla, a cire masa kaska, kada ruwa ya yanke masa. A hana yara jifansa da taɓa shi yana cin abinci. In ƙaddara ta sa ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ga tofi da saiwa kaɗai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira.

Ya ku magidanta, kare amana ce da za a tambayi mai ita. Wanda ba zai iya ciyar da shi da yi masa allura ba, ya haƙura, ya gyara katangarsa, ya sayi kwaɗo mai ƙarfi.