Ɗora wa injin mota turbo: Yadda yake aiki da abin da ya kamata mai mota ya sani

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci a Najeriya suke neman hanyar da mota za ta ba su ƙarfi ba tare da ta zuƙe aljihunsu ba. Ganin yadda sababbin motoci masu ƙananan injuna da turbo suke gudu, wasu kan yi tunanin sayen na'urar su ɗora wa tsohuwar motarsu 'yar Kwatano. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin injin da aka ƙera da turbo tun daga masana'anta da wanda aka liƙa masa daga baya.

Injin mota yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska a cikin silinda. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Ke nan yawan iskar da injin yake iya shaƙa shi ne iyakar ƙarfinsa. Aikin turbo shi ne cusa masa iska fiye da wadda zai ja da kansa. Na'urar tana da fanka biyu a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke danna iska cikin injin. Fankar kan yi juyi fiye da 150,000 a minti ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Injiniya Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yi mata rajista a shekarar 1905, kuma a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da ƙananan motoci masu turbo na farko zuwa kasuwa. A yau motoci irin su Honda Accord ta 2018 suna zuwa da inji mai lita 1.5 da turbo, wanda aka tsara fistin ɗinsa da hanyoyin sanyaya shi domin jure wannan matsi.

Injin da ba a tsara shi haka ba yana fuskantar haɗari. Iska tana yin zafi idan aka matse ta, kuma idan zafi da matsi suka yi yawa, fetur yakan fashe kafin lokacinsa. Wannan fashewa tana iya narkar da fistin, ta karya ringi, ta ƙona gaskit, har injin ya buga. Zafin yanayinmu yana ƙara tsananta matsalar, haka kuma galibin gidajen mai nau'in fetur ɗaya suke sayarwa, alhali injin da aka ƙara wa matsi yana son fetur mai jure matsi sosai.

Saboda haka, turbo kaɗai bai isa ba. Ana buƙatar na'urar sanyaya iska kafin ta shiga injin, da bawul mai rage hayaƙin da ke juya fankar idan matsi ya kai iyaka, da nozul da famfon mai masu iya ba da ƙarin fetur, da bututun da zai kai wa turbo baƙin mai ya kuma mayar da shi. Sama da duka, dole ƙwararre ya sake saita kwamfutar motar, domin masana'anta ta tsara ta ne bisa iskar da injin yake shaƙa da kansa. Kulochi da giya da lagireto da birki su ma sai an duba ko za su iya ɗaukar ƙarin nauyin.

Game da tattalin mai kuwa, masana'antu suna samunsa ne ta hanyar rage girman injin sannan su cike giɓin da turbo. Wanda ya ɗora turbo a kan inji mai lita 1.8 bai rage girman komai ba. Duk lokacin da ya taka totur, ƙarin iska yana tafiya da ƙarin fetur.

Ga mai mota ɗaya tilo da yake kai yara makaranta ko yake neman abinci da ita, kuɗin wannan aiki na iya zarce amfaninsa, ga kuma barazanar rasa injin baki ɗaya. Idan motar ta rage ja, ya fi dacewa a fara duba fulogi da matatar iska da nozul. Wanda kuwa yake son turbo da gaske, hanya mafi aminci ita ce sayen motar da ta zo da shi, tare da sauya baƙin mai a kan kari.